Gyaran birkin Datsun 240Z ɗin Babanmu a wani gareji a Sabon Garin Zariya: abin da na gani

Jama'a tun ranar da na sa hoton motar nan ana ta tambayata wai wa ya yi min aikin birki kuma nawa na kashe, to ga shi yau na zauna zan faɗa muku komai, mai daɗi da mara daɗi, don wallahi na san akwai masu irin tsofaffin motocin nan a ajiye a gida an lulluɓe da tamfol, a Samaru da Hanwa da GRA, suna son tada su amma suna tsoron hannun da za su ba.

Motar Datsun 240Z ce ƙirar 1972. Babanmu Allah ya jiƙansa shi ya taho da ita daga Amurka da ya gama karatu ya dawo koyarwa a ABU, sitiyarinta a hagu yake, kuma ta zo daidai don a 1972 ɗin ne Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Mai ƙofa biyu ce, kujera biyu kacal, dogon hanci, inji silinda shida a jere wanda ake kira L24, lita 2.4, kafireta biyu, giya huɗu. Irinta ce ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1971 da 1973, Baba ya sha ba mu labarin nan muna yara har mun haddace. Bayan rasuwarsa ta yi shekara tara a tsaye, bara na ce wallahi ba zan bari ta ruɓe a idona ba, na tada inji, aka wanke tanki, aka sa sabon batir, ta tashi lafiya lau kamar jiya aka kashe ta. Birki ne na yi wa sakaci, kuma shi ne ya kusa jawo min abin da ba zan manta ba.

Wata ranar Asabar da yamma ina saukowa daga gadar Kwangila zan nufi PZ, ba gudu nake ba sosai, sai wani mai keke napep ya yanko gabana zai ɗauki fasinja, na taka birki feda ta tafi har ƙasa kamar na taka soso, na sake bugawa sau biyu da sauri sannan ta kama, da ta kama kuma sai motar ta fizgo hagu. Allah ya tsare ban taɓa kowa ba, amma akwai mata da yara a cikin keken nan, na faka gefen titi hannuna yana rawa na fi minti goma ban iya tada mota ba. Washegari na kira wani makanike da aka haɗa ni da shi, ba zan faɗi ko waye ba, ya zo ya buɗe bonet ya ce iska ce kawai, ya ɗauko man birki a wata gora da babu ko rubutu a jikinta ya tuttula, ya sa yaronsa ya bubbuga feda, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ko taya ɗaya bai kwance ba. Kwana uku abin ya dawo.

Wani abokin Baba ne da suka yi aiki tare ya ce min in daina wahalar da kaina, in kai ta wajen wani dattijo a Sabon Gari wanda tun zamanin da Datsun 120Y ke tasi a garin nan yake taɓa Datsun. Garejin ba shi da ko allon suna, fili ne da rumfar kwano da ramin shiga ƙarƙashin mota guda ɗaya, sai wani ɗan ɗaki da yake kulle kayan aikinsa, yara huɗu masu koyo. In kana neman wajen da za a ba ka kujera mai laushi da ruwan sanyi to ba nan ba ne, benci ne a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Amma da muka jawo motar ya fito ya zagaya ta sau biyu yana shafa ta, ya ce ɗana wannan ai ta Malam ce, na san ta, na taɓa canza mata kulochi. Daga nan na ji hankalina ya kwanta.

Ni kuma na je ne da dogon buri, don na kwana biyu ina karance-karance a intanet, na ce Baba so nake a cire komai, a sa birkin faifai gaba da baya, a sa babban masta (famfon da ke tura man birki in an taka feda) na Datsun 280ZX, a sa manyan kalifa (masu matse faifan), kuɗi ba matsala ba ne in dai za ta tsaya. Ya saurare ni har na gama sannan ya ce to na ji, amma bari mu buɗe mu ga abin da ya kashe wanda ke ciki tukuna, ba a yi wa mara lafiya tiyata kafin a auna shi. Wannan shi ne abu na farko da ya burge ni, mutum ka zo masa da aikin da zai ci kuɗi da yawa ya ce a dakata.

A gabana aka kwance tayoyi huɗun. Ita 240Z daga kamfani faifai ne a gaba, ganga a baya, kalifan gaba kowanne fistin biyu ne, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje suna matse faifan a tsakiya. To na gefen dama fistin ɗaya ya ci tsatsa ya kafe gaba ɗaya, ko da iskar kwamfiresa da ƙyar ya fito, kun ga dalilin da ya sa take fizgar hagu kenan, hagu na kamawa dama ba ta kamawa. Tiyon roba na gaba duk sun tsattsage, ya yanka ɗaya da wuƙa ya nuna min cikinsa ya kumbura har ramin ya kusa toshewa, ya ce irin wannan mai zai shiga in ka taka da ƙarfi amma ba zai koma ba in ka saki, sai birki ya riƙe yana ɗaukar zafi kai ba ka sani ba. A baya kuma silindar taya ɗaya tana yoyo ta jiƙe layinin, wato abin da ke goga cikin ganga, sharkaf. Masta da aka buɗe man da ke ciki baƙi ƙirin kamar tsohon baƙin mai, robobin sun saki, shi ya sa feda ke nutsewa, man yana zagaye robar yana komawa baya maimakon ya tafi taya. Wannan ne wani ya kalla ya ce min iska ce kawai. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake, don rayukan mutane ne.

Maganar man birki ya zaunar da ni ya yi min bayani sosai kuma ina so masu tsohuwar mota su ji. Man nan yana shan danshi daga iska ko da motar a tsaye take, shekara tara na damina da rani duk ya sha. Man da ake kira DOT 3 sabo sai ya kai zafi digiri 205 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 sabo 230 ne, in ya sha ruwa 155. In ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake, sai ka taka ka ji babu komai. Ruwan nan kuma shi ke cin fistin da cikin masta da tsatsa. DOT 4 muka sa, kuma ya ce in je da kaina in sayo wanda bakinsa ke a like, kar in yarda da na awo, kuma kar in kuskura in haɗa da DOT 5 don shi na silikon ne ba ya gauraya da sauran. Duk shekara biyu a zubar a sa sabo, ko an hau ko ba a hau ba.

Yanzu ga inda aikin ya yi daɗi. Kalifan asali na Z samunsu a nan wahala ne, namu kuma ɗaya ya riga ya lalace ramin fistin ɗin ya ci. Sai ya ce akwai hanya, kuma ashe abin da na gani a intanet shi ya daɗe da saninsa a aikace: kalifan gaba na tsohuwar Toyota Hilux fowil, ta wajen 1979 zuwa 1984, suna hawa ƙafar Z kai tsaye, ramukan noti biyun sun yi daidai ba sai an yi walda ko an huda komai ba. Su fistin huɗu ne kowanne, kuma in ka goge jikinsu za ka ga an rubuta S12+8. Abin da zai ba ka mamaki, ni na ɗauka fistin huɗu yana nufin ƙarfin matsa ya ninka biyu, sai ya ɗauko ma'auninsa ya gwada a gabana, na Datsun milimita 54 ne guda ɗaya kowane gefe, na Hilux kuma kowane gefe akwai babba wajen 43 da ƙarami wajen 34, ya ce in lissafa faɗin fuskarsu a waya, na lissafa, wallahi kusan ɗaya suka fito, bambancin kaɗan ne. Ya ce ka gani, ribar ba a nan take ba, ribar ita ce fad ɗin, wato abin da ke goga faifan, ya fi girma, yana kwanciya a faifai daidai daga farko har ƙarshe, yana jure zafi, kuma fad ɗin Hilux ko'ina ka shiga a Arewa za ka samu, ba sai ka jira wani ya taho maka da shi daga waje ba.

Kuma saboda wannan lissafin ne ya hana ni sayen babban masta. Na asali inci 7/8 ne, na 280ZX da nake ta naci a kai 15/16 ne. Ya ce babban masta yana tura mai da yawa amma ƙarfin da yake bayarwa a kan kowane taku ya fi ƙanƙanta, wato feda za ta yi tauri ta yi gajeren zango amma sai ka ƙara danna ƙafa kafin mota ta tsaya, ga shi bustan 240Z, mai ƙara wa takun ƙafa ƙarfi, ƙarami ne dama. Ya ce da a ce manyan kalifan nan masu faɗin baki za mu sa, waɗanda ake haɗawa da faifai mai ramukan iska na 300ZX, to su suna shan mai da yawa dole a ƙara masta, amma wannan sai an yanka ƙarfen tsakiya an saka, wataƙila ma sai na canza wili zuwa inci 15, ni kuma wilin Babanmu na 14 nake so a jikinta. Ya tambaye ni, ɗana tsere za ka shiga da ita ne? Na ce a'a Baba, Juma'a da ɗaurin aure da ɗan zuwa Kaduna. Ya ce to wannan ya ishe ka har ya yi yawa.

Faifan baya ma haka ya hana. Ya ce in ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, gaba ke yin mafi yawan aikin, in ka je ka ƙara wa baya ƙarfi ba tare da lissafi ba to baya za ta riga gaba kullewa, motar da bayanta ya kulle kuwa juyawa take ta kalli inda ta fito, balle mota mara nauyi irin wannan da kilo dubu da 'yan kai ce kawai, balle kuma a kan titinmu da yashi ke kwanciya a gefe. Gangunan baya na Z na alminiyam ne masu haƙarƙari a jiki don su sha iska, cikin ne kawai ƙarfe. Yaronsa ya ɗauko guduma zai buga don ta fita ya daka masa tsawa, ya ce in ka karya haƙarƙarin nan a ina za ka samo wata, ya zo da kansa ya sassauta ta ciki ya bi ta a hankali da katako har ta zame. Aka canza silinda biyun, aka sa sabon layinin, aka wanke komai aka shafa giris inda ya kamata kawai.

To sai neman kaya, nan ne na sha wuya kuma nan ne zan faɗi laifin garejin. Shi ba ya sayo maka kaya, kai za ka nemo ka kawo, ya ce ba ya son a ce ya ci kuɗin wani. Na fahimci dalilinsa amma gaskiya ga wanda bai san kan abin ba wahala ce babba. Na zagaya Sabon Gari ban samu kalifan ba, na tafi Panteka a Kaduna na samu a wajen wani mai kayan Beljiyam, na biya na dawo da murna, dattijon ya juya su ya ce duka biyun na gefe ɗaya ne. Ashe akwai na hagu akwai na dama, ana ganewa da ɗan notin fitar da iska, dole ya kalli sama in an ɗaura, in ya kalli ƙasa har abada iska ba za ta gama fita ba don iska sama take taruwa. Da ya faɗa min wannan tun farko da ban yi asarar kuɗin mota da yini guda ba, ko ya haɗa ni da yaro ɗaya mu je tare. Mai kayan kuma da na koma ya ce shi an saya an saya, sai da aka yi ta magiya ya karɓi ɗaya ya ce in ƙara kuɗi, a ƙarshe ɗan'uwan sai a Ƙofar Ruwa a Kano aka samo min. Fad na farko da na sayo ma jabu ne, kwali mai kyau, dattijon ya kankare gefensa da sukundireba ya ga yana marmashewa ya ce mayar.

Laifi na biyu lokaci. Ya ce min sati biyu, sai da motar ta yi sati biyar da kwana uku. Wani ɓangaren laifin kayan ne da ba su zo da wuri ba, amma wani nasa ne, don ba ya barin yara su taɓa irin wannan aikin sai yana tsaye, shi kuma ga wasu motocin, ga jana'iza ga ɗaurin aure, dattijo ne mai jama'a. Waya kuma ba ya ɗauka, sai ka kira sau biyar, in kana son sanin inda aka kwana sai dai ka taka ka je. Sannan wurin a buɗe yake, lokacin hunturu ne ƙura ta shiga ko'ina a cikin motar, da na sani da na kai tamfol ɗina tun ranar farko. Amma fa ban rasa ko noti ɗaya ba, har tsofaffin kayan da aka cire ya zuba min a buhu ya ce in ajiye, wata rana in za a mayar da ita yadda kamfani ya yi ta za a neme su.

Wajen haɗawa na zauna na kalla daga farko har ƙarshe. Kalifan Beljiyam ɗin bai ɗaura su haka ba, sai da ya fitar da fistin takwas ɗin duka ya wanke ya sa sabbin robobi. Farantin da ke bayan faifai mai tare ƙura an ɗan yanke gefensa don sabon kalifan ya fi tsawo, ya goge bakin da fayil ya shafa fenti kar ya yi tsatsa. Ɗan gajeren bututun ƙarfe da ke shiga kalifa sai da aka sake lanƙwasa shi, bai lanƙwasa da filaya ba, a jikin wani zagayayyen ƙarfe ya bi da shi a hankali don kar ya tsuke. Faifan gaba ya auna kaurinsu ya ce sun yi siriri ba za a sassaƙe su ba, aka sa sabbi, aka canza boris tunda an riga an buɗe. Tiyo huɗun na sa masu saƙar waya a jiki, su wani ɗan'uwa ya taho min da su, ba sa kumbura in an taka. Masta aka samu sabo mai girman na asali, ya fitar masa da iska tun a kan benci kafin ya ɗaura. Akwai kuma wata 'yar roba kamar kwabo a cikin busta, ya haska tocila ya nuna min, ya ce in ta faɗo ciki lokacin da ake cire masta to birki zai riƙa cafkewa da ka ɗan taɓa, mutane da yawa sun canza busta a banza saboda ita, ya manne ta a mazauninta. Da aka gama ya ɗaura wili ya juya da hannu yana saurare ko yana gogar kalifa, bai goga ba amma tazarar kaɗan ce, don haka duk mai son yin wannan ya gwada wilinsa tukuna.

Sai ya ce ba zai ba ni makulli ba sai na canza taya. Na ce Baba ai zanen bai cinye ba, ya nuna min lamba huɗu a gefen tayar, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, tayoyin sun haura shekara goma sha biyu, robar ta bushe ta yi tauri. Ya ce birki faifai yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. Na sayo 195/70 R14 guda huɗu.

Gwaji a hanyar Shika muka yi da sassafe bayan asuba kafin manyan motoci su fito, shi a gefena. Ya ce in kai 60 in taka in sauko kamar 10 kar in tsaya cak, in sake, muka yi haka wajen sau goma don fad ya kwanta a faifai, sannan muka yi tafiya ba taka birki ya huce. Daga nan ya ce kai ta 80 ka taka kamar yaro ya shigo gabanka. Na taka. Jama'a motar nan ta tsaya a miƙe, sitiyari ko motsi bai yi ba, feda a sama da tauri daidai, ba sai na buga sau biyu ba. Na sake a 100 haka. Ban san lokacin da hawaye ya zo min ba don rabon da in ji ta haka tun ina zama a kujerar gefe Babanmu na tuƙi. Ya ce kar daɗi ya ɗebe ka ɗana, ba ta da ABS mai hana taya kullewa, in ka danne da ƙarfin tsiya taya za ta kulle, kuma ka riƙa tunawa in gudu ya ninka biyu nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa.

Kuɗi: aikin hannunsa dubu 85 ya ce, ban nemi ragi ba don ni na ga abin da aka yi. Kalifa biyu da wahalarsu sun ci wajen dubu 130, sauran kaya wato masta da faifai da fad da silinda da layinin da boris da mai sun kai dubu 240, ban sa taya a ciki ba. Farashi kuma kun san yadda yake yanzu, na yau daban na gobe daban.

Wata biyu kenan ina hawa, na je Kaduna sau biyu na je Funtuwa sau ɗaya, na shiga gosulon Tudun Wada da rana tsaka, feda ba ta canza ba, na duba ƙarƙashi babu ɗigon mai. Kalifan Hilux sun fi na asali nauyi kuma ina ɗan jin hakan a sitiyari in na faɗa rami, fad ɗin kuma yana baƙanta wili da wuri sai ana gogewa. Ga mai tsohuwar Datsun ko Fijo 504 ko Marsandi irin ta da, ni zan ce ya kai masa, da sharaɗin yana da haƙuri kuma zai iya yawon neman kaya. Mai sabuwar mota ta kwamfuta kar ya je, shi da kansa zai ce maka ba aikinsa ba ne.

Abu ɗaya ya rage, birkin hannu. Wayarsa ta miƙe, yana riƙewa a fili amma a gangara sai na bar ta a giya, kuma a motar nan jan birkin hannun ne ke matso da layinin baya yayin da yake cinyewa, don haka ba abin da za a bari ba ne. Mun nema a Panteka da Ƙofar Ruwa ba a samu ba, dattijon ya ce in ba a samu ba zuwa ƙarshen wata zai kai tsohuwar a yi masa irinta. Duk wanda ya san inda mataccen 240Z ko 260Z yake a ajiye, ko a Zariya ko Kano ko Jos, don Allah ya yi min magana ta inbok, mai son kwatancen garejin ma haka.